Karanta Maɓalli Guda a Manhajar Tagar Umarni: Nazarin Matsalar Ɗan Koyo a Damari da Kewaye

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda manhaja ke karɓar dannawar maɓalli guda daga kibod ba tare da jiran Enter ba, da dalilin da ya sa aikin yake ba ɗan koyo wahala. An ɗauki ɗalibin Damari, a Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, a matsayin ma'auni. Matsayar maƙalar ita ce, bai dace a koyar da batun a matsayin haddar umarni guda ba, domin dannawa ɗaya, bayit ɗaya da harafi ɗaya abubuwa ne uku mabambanta, kuma bambancinsu ya fi fitowa fili ga mai rubutu da Hausa.

1.0 Gabatarwa

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta. A 2017 kuma ta fito da tsarin maɓallai takwas domin ɗaliban da ba su saba da linzamin kwamfuta ba: A, B, C da D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R don janye miƙawar. Ana dannawa, allo na amsawa nan take. Saboda haka duk ɗalibin da ya shirya wa wannan jarrabawa ya riga ya san karanta maɓalli guda a aikace, ko da bai san sunansa ba.

Tsaiko na zuwa ne ranar da ɗalibin ya so ya rubuta irin wannan manhaja da kansa. Umarnin da aka koya masa, wato INPUT a BASIC, ko scanf da getchar a C, ko input a Python, duk ba sa motsi sai an danna Enter. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana inda jiran ya samo asali, ta tantance hanyoyin da ake bi a kauce masa, sannan ta auna su da na'urar da ke hannun ɗalibin karkara da kuma haruffan harshensa.

Zaɓen Damari yana da dalili. Gari ne na manoma a mazaɓar Kazage, wanda hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa jama'arsa a tsakiyar 2022. Kafin nan, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, an katse layukan sadarwa a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomin jihar. Ko bayan sulhun ƙarshen 2024 da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mai tsara darasi don wannan yanki ba zai gina shi a kan intanet mai ɗorewa ko wutar lantarki ta yini guda ba. Manhajar tagar umarni, wadda ba ta buƙatar komai sai rubutu a kan baƙin allo, tana aiki a tsohuwar kwamfuta, tana aiki a waya, kuma ba ta cin data.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ra'ayoyin da suka shafi batun sun rabu gida biyu. Masana harshen C sun tsaya a kan cewa wannan ba hurumin harshen ba ne. Kernighan da Ritchie, a littafinsu na 1978, sun ware shigar da bayani da fitar da shi daga ainihin harshen, suka bar su ga kundin ayyuka, kuma ƙa'idar ANSI ta 1989 ba ta san wani abu wai shi kibod ba: kwararar haruffa kawai ta sani. Steve Summit, a littafinsa na tambayoyin da aka fi yi game da C na 1995, ya nuna cewa babu hanya guda da za ta yi aiki a kowace na'ura. W. Richard Stevens kuwa, a littafinsa na 1992 kan tsara manhaja a Unix, ya keɓe babi guda ga tasha da yanayoyinta.

Masana koyarwa sun dubi abin ta wata fuska. Seymour Papert, a 1980, ya jaddada muhimmancin yaro ya ga sakamakon umarninsa nan take. Benedict du Boulay, a 1986, ya nuna cewa da yawa daga cikin kurakuran ɗan koyo suna fitowa ne daga gurguwar surar na'ura da yake riƙe da ita a zuciya. Ɗalibin da ya ɗauka cewa yatsansa na magana da manhajarsa kai tsaye misali ne na wannan gurguwar sura.

Gida na farko ya bayyana inji amma bai damu da aji ba. Na biyu ya damu da aji amma bai shiga cikin tasha ba. Haka kuma duk an yi su ne da harshen da haruffansa suka shiga cikin lambobi 128 na ASCII. Wannan giɓi ne maƙalar ta nufa.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin takardu da bin diddigin aiki. An duba abin da ƙa'idar POSIX ta tanada game da tasha, da bayanan kundayen ayyuka na C da Python a Windows da Linux. Daga nan aka ɗauki aikin gwaji guda, wato ƙaramar manhajar atisayen jarrabawa mai maɓallan JAMB takwas, aka bi lambar da kowane maɓalli ke haifarwa a muhalli uku: kwamfuta mai Windows, kwamfuta mai Linux, da wayar Android mai Termux, manhajar da ke ba da tagar umarni a waya. Manhajar JAMB ita kanta ba ta tagar umarni ba ce; tsarin maɓallanta kawai aka aro.

Kalmomin fannu da aka yi amfani da su: *tasha* ita ce mashigar rubutu tsakanin mutum da babbar manhaja, *rumbun jira* shi ne inda haruffa ke taruwa kafin a miƙa su, *amsa-kuwwa* ita ce bayyanar harafi a allo yayin da aka danna shi, *yanayin layi* da *yanayin harafi* su ne hanyoyi biyu na miƙawa.

4.0 Nazari

4.1 Asalin jiran Enter

Maɓalli ba ya aika harafi. Kibod mai USB, idan aka danna maɓallin A, lamba 4 yake aikawa, wadda ke nufin gurbin maɓallin kawai. Babbar manhaja ce ke duba tsarin kibod da aka zaɓa ta mayar da ita 97, wato ƙaramin a, ko 65 idan an haɗa da Shift. Daga nan lambar ta shiga rumbun jira na tasha, kuma a nan take tsayawa.

Tsayawar gado ce daga zamanin da aka ƙirƙiri Unix a Bell Labs a 1969. Tashar wancan lokaci, irin Teletype Model 33 ta 1963, na'urar buga rubutu ce a kan takarda mai saurin haruffa goma a daƙiƙa, kuma mutane da yawa ke raba kwamfuta guda. Tayar da manhaja a kan kowane harafi asarar lokaci ne, sannan kowace manhaja sai ta tanadi hanyar goge kuskure da kanta. Sai aka ɗora wa tasha wannan nauyi: ta tara haruffa, ta nuna su, ta bari a goge, ta miƙa layin gaba ɗaya idan an danna Enter. Mai tura kuɗi ta USSD ya san tsarin: yana rubuta lamba, yana gyarawa, amma banki ba ya ganin komai sai ya danna turawa.

Abin da wannan ke nufi shi ne, getchar ba shi da laifi. Harafi ɗaya yake karantawa kamar yadda sunansa ya nuna, sai dai tasha ce ba ta ba shi komai ba tukuna. Daga nan ne wani sanannen tarko yake fitowa: bayan scanf ya ɗauki lamba, alamar ƙarshen layi, mai lamba 10, tana nan kwance a rumbu, sai getchar na gaba ya haɗiye ta, ɗalibi ya ga manhajarsa ta tsallake tambaya. Maganin da ake yawan bayarwa, fflush(stdin), ƙa'idar C ba ta fayyace sakamakonsa ba, don haka bai cancanci shiga littafin koyarwa ba.

4.2 Gidan DOS da gidan Unix

A IBM PC ta 1981 da MS-DOS, mutum ɗaya ke da na'ura ɗaya, kuma manhaja na iya tambayar kibod kai tsaye. Shi ya sa harsunan wannan gida suka zo da umarni mai sauƙi: INKEY$ a GW-BASIC da QBasic, ReadKey da KeyPressed a Turbo Pascal, getch da kbhit a cikin conio.h na Turbo C na 1987. Windows ya gaji wannan, kuma Python na ba da shi ta kundin msvcrt. Tunda tsarin karatun kwamfuta na sakandare a Nijeriya ya daɗe yana koyar da BASIC, kuma Dev-C++ da Code::Blocks a kan Windows suna karɓar conio.h, malamai da dama sun taso da zaton cewa getch ɓangare ne na C. Ba haka ba ne. Ɗalibin da ya kwafi darasin ya kai shi Termux a wayarsa zai tarar babu wannan kundi.

A gidan Unix, wanda Linux da Android suka bi tsarinsa, ba a sauya umarnin karatu. Tasha ake sauya wa hali. Ƙa'idar POSIX ta 1988 ta tanadi termios: a karanta saitin tasha da tcgetattr, a kashe tutar ICANON don fita daga yanayin layi, a kashe ECHO don hana amsa-kuwwa, a mayar da saitin da tcsetattr. Ƙimomin VMIN da VTIME ne ke faɗin bayit nawa za a jira da tsawon jiran, a ma'aunin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Kundin curses, wanda Ken Arnold ya rubuta a Berkeley, da magajinsa ncurses, sun naɗe duk wannan a cikin 'yan umarni. A Python aikin ya taƙaita haka:

```
import sys, termios, tty

def karanta_maɓalli():
    tasha = sys.stdin.fileno()
    asali = termios.tcgetattr(tasha)
    try:
        tty.setcbreak(tasha)
        return sys.stdin.read(1)
    finally:
        termios.tcsetattr(tasha, termios.TCSADRAIN, asali)
```

Layuka biyun ƙarshe sun fi sauran muhimmanci. Tasha ba mallakin manhaja ba ce, aro ce. Idan manhaja ta mutu ba ta mayar da saitin ba, ɗalibi zai yi ta rubutu ba ya ganin komai, har sai an buga stty sane ko reset. A kwamfutar da ɗalibai da yawa ke layi a kanta, wannan kan sa a kashe na'urar da zaton ta lalace. An zaɓi setcbreak maimakon setraw ne domin ya bar Ctrl+C yana aiki. A ɗanyen yanayi, wato na setraw, Ctrl+C lamba 3 ce kawai, kuma ɗan koyon da ya rubuta zagaye marar ƙofa ba shi da hanyar fita. Abin lura a gefe: sunan aikin yana ɗauke da ɓ, kuma Python 3 ya yarda da hakan tun fitowarsa a 2008.

4.3 Dannawa ɗaya, lambobi da yawa

A nan ne aikin gwajin ya fi bayyana matsalar. Maɓallan kibiya, da Insert da Delete, ba sa haifar da lamba guda ta ASCII, don haka kowane gida ya ƙirƙiro musu dabara.

A Windows, getch na dawo da lambobi biyu a jere: 0 ko 224 a matsayin share fage, sai lambar gurbin maɓallin. Kibiyar sama 72 ce, ta ƙasa 80, ta hagu 75, ta dama 77, Insert 82, Delete 83. Manhajar ɗan koyo takan yi watsi da 224 domin ba ta san ta ba, sannan ta karanta lamba ta biyu a matsayin harafi. To, 80 a ASCII ita ce P, 82 ita ce R, 83 kuma S. Ke nan, a manhajar atisayen, mai danna kibiyar ƙasa zai koma tambayar baya, mai danna Delete don goge amsa kuwa zai miƙa jarrabawarsa gaba ɗaya.

A Linux da Termux lamarin ya fi haka muni. Tashoshin yau suna kwaikwayon VT100 ta kamfanin DEC ta 1978, wadda ke aika bayit uku a kan kowace kibiya: 27, wato ESC, sai 91, sai harafi. Haruffan kuwa su ne A don sama, B don ƙasa, C don dama, D don hagu. Manhajar da ke zubar da abin da ba ta gane ba za ta zubar da 27 da 91, ta karɓi na ukun a matsayin amsa. Ɗalibi ya danna kibiya don ya motsa, sai a rubuta masa ya zaɓi B. Babu saƙon kuskure, babu tsayawa. Sakamako ne kawai zai fito ba daidai ba.

Gyaran yana buƙatar manhaja ta riƙe abin da ya gabata: idan ta ga 224 ko 27, ta san cewa na biye ba harafi ba ne. Amma 27 ita ce kuma lambar maɓallin Esc shi kaɗai. Hanyar bambancewa ita ce jira na ɗan lokaci a ga ko wani bayit zai biyo baya, kuma ncurses na da ƙimar ESCDELAY don wannan, wadda asalin saitinta daƙiƙa ɗaya ce. Ko Enter ma ba lamba ɗaya gare shi ba: getch a Windows na ba da 13, tashar Linux kuwa takan mayar da shi 10.

4.4 Haruffa masu lanƙwasa

Manhajar koyar da karatun Hausa, wadda za ta ce wa yaro ya danna harafin farko na *ƙofa* ko *ɗaki*, tana cikin ayyukan da suka fi dacewa da ɗan koyo a wannan yanki. Ita ce kuma take karya zaton cewa harafi bayit ɗaya ne.

A Unicode, ƙ na da lamba 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599. Duk sun haura 255, iyakar abin da bayit ɗaya ke ɗauka. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma Linux da Android ke amfani da shi, kowannensu bayit biyu ne: ƙ 198 da 153, ƴ 198 da 180, ɓ 201 da 147, ɗ 201 da 151. Manhajar C da ke karanta bayit ɗaya za ta ga dannawa biyu marasa ma'ana. Wadda ta duba bayit na farko kawai ba za ta raba ɓ da ɗ ba. Yawancin haruffan ajami ma bayit bibbiyu ne. Misalin Python na sama ya tsira daga wannan, domin sys.stdin yana haɗa bayit ɗin ya ba da cikakken harafi. A Windows kuwa, tsofaffin shafukan lambobi na tagar umarni, irin 437 da 850, ba su da waɗannan haruffa sam, don haka getwch ne ya dace, ba getch ba. Shi ma yana da cikas: 224 ɗin share fage ita ce lambar à, alamar da masana harshe ke nuna karin sauti na ƙasa da ita.

Akwai kuma juyin matsalar, inda harafi ɗaya na Hausa ke buƙatar dannawa biyu: sh, ts, da 'y a rubutun Nijeriya, wanda Nijar ke rubutawa da ƴ. Alamar da ke gaban y tana iya zuwa a matsayin 39, ko kuma a lanƙwashe mai bayit uku, gwargwadon kibod ɗin. Sannan toupper na C, da ake amfani da shi don daidaita babban baƙi da ƙarami, bayit ɗaya yake dubawa, ba zai mayar da ƙ zuwa Ƙ ba, alhali upper na Python yana yi. Malamin da ya kauce wa duk wannan ta hanyar cewa a rubuta k a madadin ƙ ya sauƙaƙa darasi, amma ya koya wa ɗalibi cewa harshensa ne zai rusuna wa na'ura. Wannan maƙala ba ta goyon bayan hakan.

4.5 Waya da batir

Kibod ɗin gilashin waya ba maɓallai ba ne. Manhajoji irin Gboard sukan riƙe kalma suna hasashenta kafin su miƙa, kuma bayanan Android ga masu tsara manhaja sun yi gargaɗin kada a dogara da samun saƙon kowace dannawa daga irin wannan kibod. Babu Esc, babu Ctrl, babu kibiya. Termux ya cike gurbin da ƙarin layin maɓallai, ya kuma mayar da maɓallin rage sauti Ctrl. Kashe hasashen kalma, ko haɗa ƙaramin kibod ta OTG, yana rage matsalar.

Batir ma abin dubawa ne. Zagayen da ke kiran kbhit ko INKEY$ ba hutawa yana sa na'ura aiki tuƙuru alhali ba abin da ake yi. Inda ake biyan kuɗi a shagon caji ko ake dogaro da sola, wannan asara ce ta zahiri. Manhajar da ba ta da abin yi kafin dannawa, kamar ta atisaye, karatu mai jira ya dace da ita. Wadda ke nuna agogon jarrabawa kuwa sai ta yi jira mai wa'adi da VTIME ko select, ko ta ɗan huta a kowane zagaye.

4.6 Jerin koyarwa

Akwai masu ganin a jinkirta batun har sai ɗalibi ya kai darasin babbar manhaja, tunda ya dogara da nau'in na'ura. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma jinkirin yana da tsada: ɗalibin da karatunsa ke yankewa saboda hijira ko rufe makaranta ba lallai ne ya kai wannan darasi ba, kuma zai tafi da gurguwar surar da du Boulay ya bayyana. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da karatun layi har ɗalibi ya iya sharaɗi da zagaye, sannan malami ya ba shi aikin karanta_maɓalli a shirye, mai sura biyu, ta Windows da ta termios, wanda ke zaɓen wadda ta dace da na'urar.

Aikin farko da za a yi da shi bai kamata ya zama wasa ko jarrabawa ba. Manhaja ce mai layi biyar da ke buga lambar duk abin da aka danna. Ɗalibi ya danna a, ya danna Enter, ya danna kibiya, ya danna ƙ, ya rubuta abin da ya gani a littafinsa, sannan ya gwada da na abokinsa mai wata na'urar. Bayan haka sai a ba shi manhajar atisayen JAMB da gangan ba a gyara ta ba, a ce ya gano dalilin da ya sa Delete ke miƙa jarrabawa a kwamfutar makaranta, kibiyar sama kuma ke zaɓen A a waya. Sai ya gano da kansa ne za a buɗe masa cikin karanta_maɓalli, a nuna masa ICANON da ECHO da layin da ke mayar da tasha yadda aka same ta.